Ranar da Na Kai Yayanki Tiga

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Assalamu alaikum, Hafsatu.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah ya sa kin sauka Kano lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki a makarantar nan ta koyon aikin jinya. Na cusa wannan takarda a akwatinki ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don na san halinki: littafi kina iya mantawa da shi mako guda, amma kayan miya ba sa kwana ba ki buɗe su ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau biro gardama yake yi mini.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce ta sa na zauna. Ranar da mata suka zo yi miki sallama, Goggonki Lami ta dafa kanki ta ce, "Ki je ki koyo aikin da kyau, 'yar nan, don kada ki yi irin ta uwarki, da ta ɗauki yaro da ciwo ta kai wa mutanen ruwa." Ke kuma kika sunkuyar da kai, ba ki sake kallona ba har aka watse. Wannan sunkuyar da kan ne ya hana ni sukuni. Shekara goma sha biyu ke nan ana faɗin maganar nan a gabana da bayan idona, ban taɓa tankawa ba. Amma ba zan yarda ki shiga cikin yara marasa lafiya da ita a zuciyarki ba, kina zaton uwarki ce ta ƙarasa yayanki. Na yi kurakurai a jinyar yaron nan, kuma zan faɗa miki su ba ɓoye-ɓoye. Kai shi madatsar ruwan Tiga ba ya cikinsu. Ko gobe aka dawo mini da shi, sai na sake kai shi.

Kina da shekara shida lokacin, shi yana da sha ɗaya, don haka abin da kika sani duk daga bakin mutane ne. Ciwon ya fara da zazzaɓin da ba ya jin magani, sai haɓo, sai ya ɗashe ya yi fari. Mun yi na gida, saiwa da rubutu da hayaƙi. Muka je asibitin Kiru, daga can aka tura mu Kano, can ne suka ce ciwon daji ne na jini. Wata bakwai muka yi muna zarya. Ƙarin jini, ƙarin ruwa, da wasu allurai da suka zubar masa da gashi kaf, har yana shafa kansa yana cewa ya huta da wanzami.

A wata bakwai ɗin nan tambaya ɗaya na iya yi masa: ina ne yake ciwo? Da safe ina ne yake ciwo, da yamma ina ne yake ciwo. Na mayar da ɗana ciwo, na manta akwai yaro a ciki. Sai da wata nas ta kunyata ni. Gajeruwa ce mai faɗa, 'yar garin Doguwa, kowa Sista yake ce mata. Wata rana ta gama ɗaura masa ruwa, maimakon ta wuce sai ta zauna a bakin gadon ta ce, "Ɗan samari, in aka ce yau ka zaɓi abu ɗaya a yi maka, me za ka zaɓa?"

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yaro yana fama da kansa, wannan mata tana yi masa tatsuniya. Amma ko numfashi bai ja ba ya amsa, kamar ya daɗe da shirya amsar yana jiran mai tambaya.

Ya ce, "Tiga nake so in gani. 'Yan ajinmu sun je da malami ina kwance. Wai ba a ganin ƙarshen ruwan. Ƙarya suke yi, ko, Sista? So nake in shiga kwalekwale in gani da idona."

Hafsatu, ni da nake kwana a gindin gadonsa ban san yana ɗauke da wannan buri ba. Na ji kunya, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye miki ba. Saboda haka idan kin fara shiga ɗakin yara, ki auna zafin jiki, ki ba da magani yadda aka koya miki, amma kada ki tashi ba ki tambayi yaro abin da yake so ba. Za a ce kin cika surutu, za a ce ba aikinki ba ne. Ki bar su su ce. Sau da yawa abin ba wani babba ba ne: ƙwallo ce, ko ganin akuyarsa, ko a kira masa abokinsa. Amma shi a wurinsa shi ne abin da zai sa ya buɗe ido da safe.

Bayan kwanaki likita ya kira mu, ni da babanki, ya ce sun yi iya abin da za su iya, mu koma gida da maganin rage zafi. Mun gane abin da yake nufi. Sai Sista ta zungure ni ta ce, "Tambaye shi maganar Tiga mana." Na tambaya. Likita ya ce, "Ku kai shi. Ku ba shi maganinsa kafin ku tashi, ku rufa masa jiki, kada ya shiga ruwan, kada ya daɗe a rana. Kuma don Allah kada ku jinkirta."

Jinkirin kuwa shi na yi, kuma shi ne kuskuren da har yau yake cina. Da muka dawo gida maganar ta kai kunnen Goggonki. Kin san ita ta goyi babanki bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta a gidan nan ba a tsallake ta. Ta zo ta zauna a tsakar gida ta ce mai jinya ba ya zuwa bakin babban ruwa, jikinsa a buɗe yake, mutanen ruwa shafarsa za su yi. Ta ce ban da haka ma, mutane za su ce mun fid da rai, muna yi wa yaro bankwana tun Allah bai yanke hukunci ba. Babanki ya ce, "To a bari ya ɗan ji sauƙi." Ni da shi mun san babu sauƙin da ke tafe, amma na ce to, saboda ina tsoron bakin mutane.

Kullum sai yaron nan ya ce, "Inna, gobe ne?" Ni kuma in ce, "Sai ka ji sauƙi." Ƙarya nake yi masa, kuma ya sani. Mako uku muka yi a haka. Ranar da muka dawo daga Kano da ƙafarsa ya shigo gida, har ya leƙa turken tumaki. Kafin mako ukun ya cika sai an ɗauke shi ake kai shi bayi. Daga nan ya daina tambaya. Ya juya fuska bango, ya ƙi kunu, ya ƙi fura, in an yi masa sannu sai ya ɗaga yatsa kawai. Da na kai shi tun makon farko, da da ƙafarsa zai taka bakin ruwan nan. Ni na hana shi wannan, ba Goggonki ba, don ni ce uwarsa kuma ni na ji abin da likita ya faɗa. Ki riƙe wannan da kyau: yaron da ciwonsa ya yi nisa ba a ce masa sai an jima. In abu mai yiwuwa ne kuma likita ya yarda, a yi shi a makon. In kin ga iyaye suna jan ƙafa, ki zungure su yadda aka zungure ni.

Wata Laraba da hantsi ina daka, na ɗaga kai na hango shi ta ƙofar ɗaki yana kallon bango. Ban san lokacin da na ajiye taɓarya ba. Na tarar da babanki a zaure yana gyara ƙotar fartanya, don bazara ce, ana sharar gonaki. Na ce, "Malam, ranar Asabar zan kai yaron nan Tiga. In ka zo, Allah ya saka maka. In ba ka zo ba, zan goya shi in tsaya a bakin titi, duk garin nan su ga matarka tana tare mota." Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ran nan. Ran Juma'a ya hau babur ya tafi Kafin Maiyaƙi, ya dawo ya ce amininsa mai ɗaukar buhunan masara zai zo da mota da sassafe.

Da na gaya wa yayanki Asabar ce, sai ya juyo daga bango ya ce, "Wace Asabar?" Na ce, "Wannan." A ranar ya sha kunu rabin kofi. Washegari ya ce a dafa masa taliya da manja. Ya ce a wanke masa kayan makaranta, don da su 'yan ajinsu suka je, shi ma ba zai je da kayan gida ba. Da na gwada masa rigar sai ta zama kamar ta aro, na zauna da allura na rage ta gefe da gefe, yana yi mini tsiya wai ɗinkina ya karkace. Ba maganin da aka ƙara masa a kwana ukun nan. Ranar tafiya kawai aka sa masa.

Ran Asabar mota ta tsaya, babanki ya ɗauko shi, sai ga Goggonki ta tare ƙofar zaure. Ta ce, "In kika fita da yaron nan, duk abin da ya same shi a wuyanki yake."

Na ce, "Na ɗauka, Yaya. Ni na haife shi. Ki ba mu hanya."

A wannan ƙofar na sake yin wani kuskuren, kuma ke na yi wa. Kika riƙe mini zani kina kuka za ki bi mu, na ɓamɓare hannunki na miƙa ki maƙwabta. A tunanina tafiyar mara lafiya ce, me lafiyayya za ta je yi? Ban lura ba cewa ke ma wata bakwai kika yi kina jinya, ana ajiye ki gidan wannan da gidan wancan, kina cin tuwon da ba na uwarki ba, ba mai tambayar ki komai. Rana ɗaya tak gidanmu ya yi dariya a shekarar nan, na hana ki ita. Ki yafe mini, Hafsatu. In kin ga yaro a gado, ki waiga ki ga wa ke raɓe a bayan uwarsa, shi ma a tafi da shi.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba. Da ya hango ruwan daga cikin mota sai ya ce, "Ashe ba ƙarya suka yi ba." Muka sami wani dattijo masunci yana gyaran koma a bakin ruwa. Babanki ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Tsohon bai yi wata tambaya ba, ya kwashe kayansa daga kwalekwale, ya share ruwan ciki, aka shimfiɗa tabarma da babbar rigar babanki, aka jingina yaron a tsakiya da bargo. Bai yi nisa da mu ba, gefe-gefe ya bi, inda ruwa yake kwance. Yayanki ya ce sai babansa ya tuƙa. Tsohon ya miƙa wa babanki filafili. Mutumin da duk garin nan aka san shi da iya riƙe garmar shanu, sai ga kwalekwale yana ta juyawa da mu wuri ɗaya. Yaron nan ya yi dariya har da tari, tsohon ya yi, babanki ya yi har hularsa ta faɗa ruwa. Wata bakwai rabon da in ga haƙoran babanki.

Yanzu zan gaya miki mafi girman kuskurena. Kin lura tun farkon takardar nan ban ambaci sunansa ba, sai yaron nan, sai yayanki. Ɗan fari ne, kuma ni a garin Ƙofa aka tashe ni, a gidan da mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Har yabona ake yi, ana cewa wance akwai kunya. Na riƙe kunyar nan har asibiti. In da mutane a ɗaki sai in zauna nesa da gadon, in bar wasu su riƙe masa hannu lokacin allura, ni ina kallon taga zuciyata na tsagewa. A cikin kwalekwalen ma can ƙarshe na zauna.

Tsohon masuncin ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, yaya sunan jarumin naki?"

Na kau da kai yadda na saba. Babanki ya buɗe baki zai amsa, sai yaron ya ce, "Baba, bari. Inna aka tambaya." Ya jira. Da ya ga na yi shiru sai ya yi ɗan murmushi ya ce wa tsohon, "Ba ta sani ba ne, Baba mai kwalekwale. Ba ta taɓa faɗa ba."

Da wasa ya faɗa, amma idonsa ba wasa a ciki. Shekara shida yaron nan yana jin ina kiran sunanki safe da yamma, nasa ko sau ɗaya. Sai a lokacin na gane Tiga ba ita kaɗai ce abin da yake so ba. Na rarrafa, kwalekwale na tangaɗi, tsohon yana cewa a hankali, na je na ɗora shi a cinyata a gaban ubansa da baƙon namiji, na kira sunansa da ƙarfi. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya ce, "Ƙara, Inna." Na yi ta faɗa ina kuka, shi kuma ya kwantar da kai a ƙirjina yana kallon ruwa. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ni ma da ita na tarbiyyantar da ke. Amma in kin ga uwa ta zauna nesa da gadon ɗanta, kada ki ce ba ta damu ba. Ki kama hannunta ki ɗora a kan yaron, in ya so ki ja labule.

Kwana goma sha tara ya yi bayan mun dawo. Ba zan ce miki ciwo ya tafi ba, yana nan, wasu ranakun ma ya fi da. Amma bai sake juya fuska bango ba. 'Yan ajinsu suka riƙa zuwa, yana kishingiɗe yana yi musu burga, wai su a bakin ruwa suka tsaya, shi kuwa har ciki ya shiga. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin hular babanki. Ya rasu da safe, ranar Alhamis, a cinyata, ina kiran sunansa ina yi masa kalmar shahada. Likita ya faɗi abin da zai faru tun ba mu san hanyar Tiga ba, kuma kwana na Allah ne. Ba mutanen ruwan da suka shafe shi.

Mu da muka rage, ranar nan ce ta riƙe mu. Da ba mu je ba, da abin da zan riƙa tunawa shi ne warin asibiti da bayan yaro yana kallon bango. Yanzu in na rufe ido kwalekwale nake gani yana juyawa. Ni da babanki mun kusa zama baƙin juna a lokacin jinyar, kowa yana haɗiye nasa. Amma har yau in na ga ransa a ɓace sai in ce, "Malam, ina hularka?" sai ya girgiza kai ya yi murmushi. Wannan ne abin da ake so in yi nadama a kansa? Wallahi ban yi ba, kuma ba zan yi ba.

Kada ki ƙi Goggonki. Ita ma tana son sa, tsoro ne ya yi mata yawa, kuma ya fi mata sauƙi ta ga laifina da ta yarda ba abin da za a iya yi. Ki gaishe ta, ki durƙusa mata, in kin zo hutu ki kai mata tsaraba. Amma in ta sake faɗin maganar nan, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce, "Goggo, na san yadda aka yi." Ya isa.

In kin kwance ƙullin daddawar za ki ga ƙaramin ƙulli a cikin tsumma. Katantanwa ce. Yayanki ne ya sa tsohon masuncin ya tsinto masa a bakin ruwa, ya ce ta Hafsatu ce tunda an hana ta zuwa. Kin yi wasa da ita kwana biyu, da ya rasu na ɗauke na ɓoye a ƙasan adakata, don ita ce abin da ya rage mini wanda hannunsa ya taɓa. Taki ce, na daɗe da riƙe miki. Haka kuma bayan rasuwarsa na koma gidan jiya, na sake daina faɗin sunansa, har ke ma kika daina saboda kin ga ba a faɗa. Wannan ma daga yau na bari.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya sa albarka a karatunki, ya sanya waraka a hannunki da tausayi a bakinki. Allah ya ba yaran da za ki tarar lafiya, waɗanda kwanansu ya ƙare kuma ya sa su tafi da farin ciki. Allah ya jiƙan yayanki, ya dawo mini da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, kada ki ba kowa aron bokitinki.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki,
Innar Sulaimanu.